Tambayoyi da amsoshi kan adana kayan lambun gida da girka su a birnin Kano

Duk wanda ya taɓa shuka tumatir a buhu, ko ya dasa zogale a gindin katangar gidansa, ya san cewa aikin ba a shuka da ban ruwa yake ƙarewa ba. Amfanin yakan nuna ne a tare cikin makonni kaɗan, kuma a daidai lokacin da kayan miya suka yi arha a kasuwar 'Yankaba, ta yadda ko kyauta aka aika wa maƙwabta sai a tarar su ma kwandonsu cike yake. Idan damina ta sauka kuwa, irin tumatirin da ya ruɓe mana a tsakar gida shi za mu koma muna saye ƙwaya huɗu da tsada. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa da maƙwabta suka fi yi mini tun da na fara ɗan lambu a gidanmu, na kuma amsa su da abin da na gani a hannun iyayenmu da abin da masana abinci suka tabbatar.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da shanya a Kano?

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu. Da hunturu iskar Kano takan bushe ƙwarai, har laimar da ke cikinta da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, da bazara kuma zafi yakan haura digiri 40. Wannan busasshiyar iska ita ce babbar kadarar mai lambu a garin nan, domin tana yin aikin da mutanen wasu ƙasashe sai sun sayi inji kafin su yi, kuma ba ta bukatar wutar lantarki. Ya kuma yi daidai da lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, wanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, yake cika kasuwa, saboda haka wanda nasa bai isa ba yana iya ƙarawa da na saye. A watan Agusta kuwa, lokacin da ruwa ya fi yawa, shanya tumatir asara ce, domin kafin ya bushe ya yi fumfuna.

Yaya ake yin kauɗa mai tsabta a gida?

Abin da ya ɓata wa kauɗa suna shi ne yadda ake shanya ta a gefen titi, a kan ƙasa ko kwalta, awaki suna bi, ƙurar motoci tana sauka. Wanda ya saba cin tsakuwa a miyar kauɗar kasuwa zai yi mamakin ta gida.

A zaɓi tumatir mai tsoka wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, irin wanda 'yan kasuwa ke kira UTC ko Roma, domin ruwansa bai kai na mai zagaye yawa ba. A wanke, a bari ya tsane, a yanka kowane ɗaya gida biyu ko huɗu a tsaye, a jera shi gefen da aka yanka yana kallon sama. Kada a shimfiɗa a ƙasa. A samu raga ko tsohuwar rariya mai faɗi ko tabarma mai tsabta, a ɗora a kan benci ko bulo yadda iska za ta ratsa ta ƙasa da sama, sannan a lulluɓe da yankin gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba, don ƙuda da ƙurar hunturu. Ɗan gishiri da aka barbaɗa a kai yana janyo ruwan ya fito da wuri. Da magariba a shigar da shi ɗaki saboda raɓa, da hantsi a mayar. Cikin kwana huɗu zuwa mako guda yakan bushe, gwargwadon kaurin yankan da ƙarfin rana, kuma alamar ya yi ita ce a matsa shi da yatsa a ji ba danshi ko kaɗan. Kada mutum ya karaya idan ya ga abin ya ƙanƙance: fiye da kashi 90 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, don haka kilo goma ba ya ba da kilo ɗaya na kauɗa. Tattasai da attaruhu ma haka ake yi musu, sai dai a tsaga tattasai a zubar da 'ya'yan.

Me ya sa miyar kauɗa take yin baƙi da tsami?

Baƙin yana zuwa ne daga kauɗar da ta daɗe tana shan iska da haske, ko wadda ta yi jinkirin bushewa. Tsamin kuwa na tumatirin ne da ya taru wuri ɗaya bayan ruwan ya tafi. A jiƙa ta a ruwan zafi kamar minti talatin har ta kumbura, a haɗa da busasshen tattasai, wanda shi ke dawo da jan launi, da albasa ɗanya mai yawa, a markaɗa, sannan a soya a kan wuta marar ƙarfi har mai ya taso. Zaƙin albasa da doguwar suya su ne ke kashe tsamin. Na ga masu zuba kanwa don wannan, amma kanwa ita ma tana ƙara wa miyar duhu.

Ganye fa, a rana ake shanya shi ko a inuwa?

A inuwa. Wannan na koya ne daga goggona, wadda ta taɓa tarar da na baza zogale a tsakiyar rana a kan siminti, ta ce, "Ke 'yar nan, ciyawar dabbobi kike haɗawa ko ganyen miya?" Ta kwashe shi ta mayar rumfa, bayan kwana uku ta ɗebo nata da nawa na farko ta ajiye mini a faifai ɗaya. Nata kore shar, yana ƙamshin ganye, nawa kuwa ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Abin da ido ya gani a faifan nan shi ne abin da masana ke faɗa, cewa hasken rana kai tsaye yana lalata sinadaran da jiki ke samun bitamin A daga gare su, tare da bitamin C.

A tsinko ganyen da safe, a zage shi daga itacen, a wanke, a tsane a gwagwa, a baza shi ba mai kauri ba a ɗaki ko rumfar da iska ke shiga, ana juyawa. Haka ake yi wa zogale da rama da yakuwa da lalo da karkashi da ganyen kuka. Alayyafo ya fi kyau idan an tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti biyu, an tsane, kafin a shanya, domin hakan yana tsare launinsa. Lawashin albasa kada a zubar, shi ake dakawa a dunƙule a shanya ya zama gabu. Shawarata kuma ita ce a ajiye ganye yadda yake, a riƙa daka na mako ɗaya ko biyu kawai, saboda gari ya fi saurin rasa ƙamshi.

Kuɓewa takan yi ƙarfi kafin in ankara. Me zan yi?

Kuɓewa ba ta jira. A riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, tun tana tsawon yatsa, lokacin da bakinta ke karyewa da an lanƙwasa shi. A wanke ta a tsane sarai kafin yanka, domin idan wuƙa ta haɗu da ruwa yauƙi ne zai fito ya hana bushewa. Wadda ta riga ta ƙosa a bar ta a jikin uwar ta bushe ta zama iri.

Yaya ake adana markaɗen tumatir a kwalba ya yi watanni ba firji?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ita ce wadda nake son a fi kiyaye amsarta, domin a nan kuskure yana iya cutarwa.

Da farko a nemi kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe wanda bai yi tsatsa ba, bai lotsa ba, kuma robar da ke cikinsa ba ta tsage ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya: a wanke su da sabulu, a tafasa su minti goma, a bar su cikin ruwan zafin har lokacin zubawa. Tumatirin kuma sai lafiyayye, ba wanda ya fara ruɓewa ba, domin kwalba ba ta gyara abin da ya lalace. A markaɗa shi shi kaɗai, a dafa har ruwan ya ragu ya yi kauri. A kowace kwalba mai cin lita ɗaya a zuba babban cokali biyu na ruwan lemon tsami, ko rabin ƙaramin cokali na garin tsamin nan da masu zoɓo ke kira ɗan tsami, a mai rabin lita kuma rabin haka. Sai a zuba markaɗen da zafinsa, a bar sarari kamar kaurin yatsa a sama, a goge bakin kwalbar, a rufe.

Daga nan a shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben a tsaye, a zuba ruwan zafi har ya sha kansu da kamar yatsa biyu, a rufe tukunyar. Ana fara ƙirga lokaci ne daga sa'ad da ruwan ya tafasa sosai, ba daga ɗora tukunya ba: minti 40 ga mai rabin lita, minti 50 ga mai lita ɗaya. Na ƙara minti biyar a kan abin da aka saba rubutawa saboda Kano tana kan tudu kusan mita 500 sama da teku, kuma a irin wannan wuri ruwa yana tafasa ne kafin ya kai digiri 100 cif. Bayan an sauke a bar su su huce da kansu har kwana. Washegari a danna tsakiyar murfin. Idan ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama, kuma zai iya kai shekara a wuri mai duhu da sanyi. Wanda ya yi ƙara ya dawo sama a yi miya da shi a ranar. Duk kwalbar da aka buɗe kuma ta zama kamar sauran abinci, sai firji ko a cinye ba tare da ɓata lokaci ba.

Zan iya haɗa attaruhu da tattasai da albasa a ciki, tunda da su nake miya?

A'a, ba a wannan hanya ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ke haddasa ciwon da likitoci ke kira botulizim. Ƙwanta ba ya mutuwa a tafasasshen ruwa, sai zafi ya kai digiri 116 zuwa sama, wanda sai da tukunyar matsin tururi ta musamman ake samunsa, kuma wurin da ta fi son tsiro shi ne inda babu iska kuma babu tsami, wato cikin rufaffiyar kwalba. Tumatir da lemon tsami suna da tsamin da ke hana ta, amma tattasai da attaruhu da albasa da kuɓewa da kabewa ba su da shi, kuma idan aka haɗa su da tumatir sukan rage tsaminsa. Abin tsoron shi ne dafin yana iya kasancewa a abincin ba tare da wari ko sauyin launi ba. Alamominsa sun haɗa da gani biyu-biyu, da faɗuwar fatar ido, da wahalar haɗiya da numfashi, kuma wanda aka ga haka a tare da shi asibiti za a garzaya da shi nan take.

A shekarar da na fara, kafin in san wannan, na haɗa kayan miya gaba ɗaya na cika kwalba goma sha biyu. Bayan mako uku na shiga sito na tarar murafen biyar sun kumbura, ɗaya tana tsiyaya kumfa ta gefe. Duka goma sha biyun na zubar, har waɗanda ba su nuna komai ba, kuma har yau ina jin ciwon aikin yini biyu da gawayin da ya tafi, amma ina gode wa Allah da ban ɗora wa yara ba. Tun daga lokacin tumatir kaɗai nake sa wa a kwalba, tattasai da attaruhu kuwa shanyawa nake yi, sai ranar girki su haɗu a tukunya.

Firiza fa, tunda wuta ba ta tsayawa?

Firiza tana da amfani ga wanda ke da sola ko janareta. A ƙulla markaɗe a leda daidai na girki ɗaya-ɗaya, don kada a narkar da babban ƙulli a mayar. Firizar da take cike, idan ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe ƙanƙara kusan kwana biyu bayan ɗauke wuta, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya, kuma zafin bazara yana rage hakan. Abin da ya narke har ya yi ɗumi kada a sake daskarar da shi.

Akwai hanyar da ɗanyen kaya zai ƙara kwana ba tare da wuta ba?

Akwai, kuma daga maƙwabtanmu ta shahara. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, shi ya yaɗa dabarar sa tukunyar ƙasa cikin wata tukunyar ƙasa, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar randa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke fita ta jikin randar waje yana tafiya da zafin, kamar dai yadda ruwan randa ke yin sanyi. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Yalo da tattasai da tumatir da karas sukan ƙara kwanaki masu yawa a ciki. Da rani take aiki sosai, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa saboda iska ta riga ta cika da laima. Nama da kifi da dafaffen abinci ba nata ba ne.

Albasa da kabewa ba sa bukatar wannan. Albasa a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, a baza ta a wuri mai iska, ba a cikin leda ba. Kabewa kuma a yanko ta da ɗan hannunta, a ɗora a kan katako, takan yi watanni.

Bishiyar mangwaronmu tana zubar da 'ya'ya fiye da yadda za mu iya sha. Mece ce dabara?

Daga Maris zuwa Mayu gidaje da yawa a birni suna cikin wannan hali, ga kuma 'Yanlemo cike da mangwaro, ba mai saye. A fere wanda ya nuna amma yana da sauran ƙarfi, a yanka sirara, a tsoma a ruwan da aka matsa wa lemon tsami don kada ya yi baƙi, a shanya a raga a lulluɓe kamar kauɗa. Idan ya bushe yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, kuma yara sun fi son sa a kan alawar kanti. Wanda ya yi laushi a markaɗa, a baza siriri a tiren da aka shafa wa ɗan mai, a shanya har ya saɓule kamar fata, a naɗe.

Ana kuma yin jam, wato dafaffen 'ya'yan itace da sukari da ake shafa wa burodi: kofi huɗu na tsokar mangwaro, kofi uku na sukari, da ruwan lemon tsami babban cokali biyu ko uku, a dafa ana juyawa har idan aka ɗiga a farantin da ya yi sanyi ya tsaya bai gudana ba. A zuba a kwalba da zafinsa, a tafasa kwalbar minti goma sha biyar. Jam ɗin gwaba yana kama jiki sosai, sai dai a dafa ta a tace 'ya'yan tukuna. Gwanda ɗanya kuma ana fere ta a sa a miya kamar kabewa, kuma tana sa nama ya yi laushi.

Yaya zan nunar da abin da na tsinko ɗanye?

A sa shi a kwali ko a naɗe da takarda tare da ayaba nunanniya ɗaya ko biyu, domin 'ya'yan itace nunannu suna fitar da wata iska da ke nunar da na kusa da su. Sinadarin kabayid na masu walda, wanda wasu 'yan kasuwa ke amfani da shi, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda gubar da ke tare da shi, kuma ba shi da wuri a gidan da ake da yara.

Ƙwari suna shiga busasshen kayana. In sa magani?

Kada a kusanto da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari kusa da abin da za a ci, komai ƙanƙantarsa. Ƙwari da fumfuna danshi suke bi. A tabbatar kayan sun bushe ƙayau, a bar su su huce daga zafin rana kafin a rufe, a zuba a kwalba ko bokiti mai murfi da iska ba ta shiga, a ɗaga daga ƙasa. A makon farko a riƙa duba jikin kwalbar, idan an ga gumi a ciki a mayar shanya. Da damina, duk ranar da rana ta buɗe a fito da su su sha na 'yan sa'o'i. Abin da ya yi fumfuna a zubar, kada a ce za a kakkaɓe a dafa, domin wasu nau'o'in fumfuna suna barin dafi mai illa ga hanta wanda wutar girki ba ta kashewa.

Wace hanya ce ta dafa ganye ba tare da an kashe amfaninsa ba?

Mu Kanawa muna da ɗabi'ar dafa ganye har ya fita hayyacinsa. A miyar taushe, kabewa da gyaɗa da kayan miya su dahu tukuna, alayyafo da yakuwa su shiga a ƙarshe, minti biyar ya ishe su. A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Zogalen kwaɗo a dafa shi da ruwa kaɗan ko a turara a madambaci, don kada a tsiyayar da amfanin tare da ruwan, sannan a haɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir ɗanye da albasa da ɗan lemon tsami, domin bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, man ƙulin kuma yana taimaka wa bitamin A. Rama dole a zubar da ruwan farko saboda tsami, wannan ba makawa. Kanwa tana sa ganye laushi da yauƙi, ba na cewa a daina, amma tana lalata wasu bitamin, don haka a sa daidai kan ƙwayar gero biyu ko uku, ba dunƙule ba.

Ganyen gidana ma sai na wanke sosai?

Sosai kuwa, musamman latas da kabeji da ake ci ɗanye, kuma musamman idan da takin gargajiya aka yi noman. A ware ganyen ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta ana sauyawa. Fifikon lambun gida shi ne mutum ya san ruwan da shukarsa ta sha, domin bincike ya sha nuna cewa ruwan rafin Jakara da na magudanan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu, waɗanda ake noman rani da su, suna ɗauke da gurɓatattun sinadarai da wanki ba ya fitarwa. Saboda haka kada a shayar da lambun gida da ruwan kwata. Wanda ya yi feshi kuma, kamar lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shigo, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ya karanta takardar maganin ya jira kwanakin da aka rubuta kafin ya tsinka.

Zan iya ajiye irin baɗi daga amfanin bana?

Ana iyawa idan shukar ba irin aure ba ce, wato irin da aka samu ta hanyar haɗa nau'i biyu, domin 'ya'yan irin aure ba sa fitowa kamar uwarsu. A ware shukar da ta fi lafiya, a bar 'ya'yanta su nuna sosai. Na tumatir a matse su a kofi da ruwansu, a bari kwana biyu ko uku har yauƙin ya saki, a wanke, a shanya a inuwa. Na kuɓewa da zogale da rama a bar su su bushe a cikin kwansonsu a jikin uwar. A ƙulla kowane iri a takarda, a rubuta sunansa da watan da aka ɗiba, a sa a kwalba tare da ɗan toka mai sanyi da aka tankaɗe, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Mako biyu kafin shuka a ɗebi ƙwaya goma a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, idan bakwai ko takwas suka tsiro, a shirya buhuna da taki.